Shagunan Niyok sun daina sayar da kwikwiyo: ina matsayin mai kiwon kare a gida?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a wani gari cikin jihar Niyok ta Amurka ya aiko da tambaya. Yana da karya, Jaman Shefad, da ya ajiye don gadin gida, yana son ya haɗa ta da namiji ta haihu, ya riƙa kai 'ya'yan shago a sayar masa. Da ya leƙa shagon da ya saba ganin 'yan kwikwiyo a bayan gilashi sai ya tarar babu ko ɗaya, mai shagon kuma ya ce masa doka ce ta hana. Yana son ya san wace doka ce, ko ta shafi mai kiwo a gida, kuma in hanya ta toshe a nan, ko zai iya sa a riƙa turo masa 'yan kwikwiyo daga Najeriya.

Malam, mai shagon gaskiya ya faɗa maka. Ƙofar shago ta rufu a jiharku, amma ta gidanka a buɗe take, bisa wasu sharuɗɗa da za mu bi ɗaya bayan ɗaya. Ni aikin likitan dabbobi nake yi, don haka abin da zan faɗa maka shi ne doka yadda take shigowa asibitinmu a kullum, cikin takardun masu kiwo da koke-koken masu saye. Hukuncin cin kuɗin kare a addini kuwa fage ne na malamai, su za ka tambaya kafin ka sa ƙafa.

Abu na farko da ke rikita baƙo a Amurka shi ne dokar kare hawa uku ce. Akwai ta tarayya, wadda ta tsaya a kan manyan masu kiwo da masu safara. Akwai ta jiha, wadda ita ce mai nauyin gaske, kuma kowace jiha da tata. Sannan akwai ta gari ko ƙaramar hukuma, wadda ke iya ƙara tsanani a kan ta jiha. Abin da aka halatta wa abokinka a Ohayo yana iya jawo maka tara a Niyok, shi ya sa shawarar da ka ji daga wani mazaunin wata jiha ba lallai ta yi maka aiki ba.

Dokar da ta kwashe 'yan kwikwiyo daga shagon nan, Gwamna Kathy Hochul ce ta sa mata hannu a watan Disamban 2022, aka ba masu shaguna shekara biyu su shirya, ta fara aiki ranar 15 ga Disamban 2024. Ta hana shagon dabbobi sayar da kare da kyanwa da zomo. Abin da ta bar musu shi ne su ba gidajen da ke tsugunar da dabbobin da aka yasar wuri a cikin shago, su kawo nasu don masu son ɗauka su gani, mai shago ya karɓi kuɗin hayar wurin. Wanda ya karya dokar yana iya biyan tarar da ta kai dala 1,000 a kan kowane laifi, ofishin babban lauyan jiha kuma shi ke bin sawu.

Dalilin yin ta yana can nesa da Niyok, a gonakin jihohin tsakiyar ƙasar irin su Misuri da Ayowa da Ohayo, inda ake kiwon karnuka da yawan gaske don cika shagunan manyan birane. Yawancin wuraren nan suna da lasisin Ma'aikatar Noma ta tarayya, a ƙarƙashin dokar kula da dabbobi ta 1966. Mai shago ya kan nuna wa mai saye wannan lasisi a matsayin shaidar cewa kwikwiyon daga wuri mai kyau ya fito. To bari in nuna maka abin da lasisin ke nema a batun keji. Ana auna kare daga bakin hancinsa zuwa gindin wutsiya, a ƙara inci 6, abin da ya bayar shi ne tsawon keji da faɗinsa. Karya mai tsawon inci 30 ke nan ta cancanci keji mai inci 36 kowane gefe, wato bai cika mita ɗaya ba. Rufin kejin kuma inci 6 sama da kanta in ta miƙe tsaye. In aka ninka mata wannan filin sau biyu, ƙa'idar ba ta tilasta a fito da ita ta motsa jiki ba. A haka za ta iya yin shekaru, ana ɗora keji kan keji kamar akurkin kaji, tana haihuwa ana kwashe 'ya'yan, kuma babu dokar tarayya da aka karya.

Irin waɗannan iyaye su kan iso hannunmu bayan an gama da su. Za ka ga yatsun ƙafa sun buɗe saboda tsayuwa a kan waya, farata sun lanƙwashe sun koma cikin nama, haƙora sun ruɓe. In ka ajiye ta a kan ciyawa sai ta ƙame wuri ɗaya tana rawar jiki, domin ba ta taɓa taka ƙasa ba. 'Ya'yan kuma ana ɗebo su a mota suna da mako takwas, a yi kwana da kwanaki a hanya, wasu su iso da tari, wasu da cutar farbo mai sa amai da zawo na jini. Iyali su biya dala dubbai ranar Asabar, ranar Talata su shigo asibiti da kwikwiyon a naɗe cikin tawul, yara na kuka. Wannan shi ne abin da 'yan majalisun jihohi suka yi ta ji daga jama'arsu, kuma da yake majalisar Niyok ba ta da ikon shiga gona a Misuri, sai ta rufe kasuwar da gonar ke kawo wa kaya.

Kalifoniya ce ta fara. Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a 2017, doka ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019, ta ce shago ba zai sayar da kare ba sai wanda ya fito daga gidan tsugunar da dabbobi ko ƙungiyar ceto. Nan da nan wasu dillalai suka yi rajistar ƙungiyoyin ceto na bogi, suka ci gaba da turo kayansu da sabon suna, har babban lauyan jihar Ayowa ya maka wasu daga cikinsu a kotu a 2019. Sai Kalifoniya ta sake doka a 2020, ta hana shago cinikin gaba ɗaya. Niyok ta ga abin da ya faru, shi ya sa tun farko ta hana shago karɓar kuɗin kare kowane iri ne. Tsakanin nan Merilan ta bi sahu, tata ta fara aiki a farkon 2020, Ilinoi ta yi tata a 2021, wasu jihohin irin su Oregon ma sun shigo daga baya.

Kada ka ɗauka duk ƙasar nan ta nufi gefe ɗaya. Arizona da Ohayo a 2016 sun yi dokokin da suka hana garuruwansu haramta cinikin shago, Indiyana ta yi irin wannan a 2024. Labarin Misuri kuwa ya isa ya nuna maka yadda rigimar take. A watan Nuwamban 2010 jama'ar jihar suka kaɗa ƙuri'a, da rinjaye ɗan kaɗan, suka amince cewa mai kiwo ba zai wuce karnukan haihuwa 50 ba, tare da ƙarin fili da hutu tsakanin haihuwa. Mutanen birni ne suka ba da rinjayen, ƙauyuka suka ƙi. Watanni kaɗan bayan haka, a Afrilun 2011, majalisar jihar ta cire iyakar 50 ɗin, Gwamna Jay Nixon ya sa hannu a kan wani sulhu da ya bar ƙarin fili da duban likita. A wajen manomin Misuri kare dabbar kiwo ce da yake ciyar da iyali da ita, yana kuma tsoron cewa wanda ya ƙayyade masa yawan karnuka yau, gobe shanu zai ƙayyade masa. Duk wanda ya tashi cikin masu kiwo zai gane wannan tsoro, ko da bai yarda da shi ba.

Ni ina goyon bayan dokar Niyok, kuma ba na ɓoyewa. Amma masu shaguna da suka yi ta kukan cewa cinikin zai koma intanet ne kawai, inda babu mai sa ido, suna da gaskiya a wani ɓangare. A 2024 jaridar Los Angeles Times ta yi bincike ta gano cewa har yanzu ana shigo da 'yan kwikwiyo Kalifoniya daga gonakin tsakiyar ƙasar, ta hannun dillalan da ke shigar burtu a matsayin ƙananan masu kiwo na gida. Mutum zai sa hoto a intanet, ya ce a gidansa aka haife shi, ya ba ka wurin haɗuwa a filin ajiye motoci. Rufe shago ya rage ɓarnar, ya kuma tura ragowar inda ta fi wuyar gani. Ina kawo maka wannan ne domin ka san idon da hukuma da masu saye za su kalle ka da shi, kai da za ka fito da 'yan kwikwiyo daga gida.

Yanzu mu zo kanka. A dokar jihar Niyok, duk wanda ya sayar da kare ko kyanwa fiye da 9 a shekara don riba, dillalin dabbobi ne, sai ya karɓi lasisi daga ma'aikatar noma da kasuwanni ta jiha, a riƙa zuwa ana duba wurinsa da takardunsa. An ware mutum ɗaya daga wannan: mai kiwon da ke sayar da ƙasa da 25 a shekara, waɗanda aka haifa aka kuma rena a gidan da yake zaune, yana miƙa su kai tsaye ga wanda zai riƙe su. Karya ɗaya ba za ta kai ka 25 ba, domin Jaman Shefad ta kan haifi shida zuwa takwas a ciki ɗaya, wani lokaci su ɗan fi. Saboda haka muddin 'ya'yan karyarka kaɗai kake sayarwa, a gidanka, ga masu riƙewa, kana cikin waɗanda aka ware.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne nan: ciniki ya yi daɗi, masu nema sun fi kaya yawa, sai mutum ya sayo 'yan kwikwiyo daga wani wuri ya haɗa da nasa. Waɗannan ba a gidanka aka haife su ba, rangwamen 25 bai shafe su ba, lissafinka ya koma na 9. Haka kuma in ka ba wani ya sayar maka, ka fita daga sharaɗin miƙawa kai tsaye.

Dokar tarayya ita ma lissafi ce. Mai karnuka mata huɗu na haihuwa ko ƙasa da haka, yana sayar da 'ya'yan da aka haifa a wurinsa, ba ya bukatar lasisin Ma'aikatar Noma. Wanda ya wuce huɗu kuma, tun daga gyaran da aka yi a 2013, sai ya karɓi lasisi in yana sayar wa shago ko dillali, ko yana aika wa mai saye kwikwiyo ba tare da sun haɗu ba. In mai sayarwa da mai saye da kwikwiyon duk suna wuri ɗaya a lokacin ciniki, dokar ta ɗauka mai saye ya gani da idonsa. Lura cewa ana ƙirga duk karyar da za ta iya haihuwa, ko da ba ka yi niyyar haɗa ta da namiji ba. In ka bar 'ya'ya mata biyu daga wannan ciki, uku daga na gaba, ka tsallake iyakar ba ka sani ba. In kuma wata rana ka ƙaura zuwa wata jiha, lissafin lasisin jiha ya sake: Teksas a da sai mai mata 11 take nema da lasisi, a 2023 ta sauko da shi zuwa 5.

Wataƙila ka yi tunanin tsallakawa Niyu Jazi da ke maƙwabtaka da ku ka kai wa shagunan can. Dokar jihar ta 2015 ta ɗaure shagunanta da sayen kaya daga masu lasisin tarayya, kai kuma ba ka da shi. Ƙari a kan haka, jihohi da yawa suna neman takardar shaidar lafiya daga likitan dabbobi kafin a shigo musu da kare don sayarwa.

Saura hawa na uku, wanda aka fi mantawa da shi. Tun 2014 jihar Niyok ta ba garuruwa damar yin dokokin da suka fi nata tsanani a kan masu cinikin dabbobi. Garuruwa da dama kuma sun ƙayyade yawan karnukan da za a riƙe a gida ɗaya, wasu sun hana kasuwanci a unguwar zama sai da izini. Kafin komai ka je ofishin magatakardan garinku ka tambaya, a ba ka a rubuce. In gidan haya kake, ka karanta yarjejeniyarka, domin mai gida na iya tashinka a kan wannan ko da gari bai hana ba.

Akwai wata doka da ke kare mai saye, wadda ya kamata ka sani ko da ba ta hau kanka ba. In mutum ya sayi kare daga dillali a Niyok, likita ya tabbatar cikin ranakun aiki 14 cewa ba shi da lafiya, ko cikin kwana 180 cewa yana da nakasar da aka haife shi da ita, mai saye na da zaɓi: ya mayar a ba shi kuɗinsa, ko a musanya masa, ko ya riƙe a biya masa kuɗin magani har iyakar abin da ya saya. An kuma hana dillali sayar da kwikwiyon da bai kai mako takwas ba. Kai da aka ware, shawarata ka ɗauki waɗannan ƙa'idoji ka rubuta su cikin yarjejeniyarka da mai saye. Wanda ya ji an cuce shi zai iya kai ka kotun ƙananan ƙararraki ko ba wannan doka, kuma alƙali takarda yake fara tambaya. Mako takwas ɗin nan ma ba wasa ba ne: a makonnin nan ne kwikwiyo ke koyon iyakar cizo daga uwarsa da 'yan'uwansa, wanda aka raba da su da wuri ya fi zama mai tsoro da saurin kai hari.

Tun kafin maganar kiwo, akwai nauyin da ke kanka yanzu a matsayin mai kare, kuma ban ji ka ambace shi ba. Duk karen da ya kai wata huɗu a jihar sai an yi masa lasisi a ofishin gari, ba kuma za a ba ka ba sai ka nuna takardar allurar riga-kafin ciwon haukan kare. Kuɗin lasisin wanda ba a yi wa fiɗiya ko cire mahaifa ba ya fi tsada. In a waje take kwana, doka ta wajabta mata mafaka da ta dace da sanyin wurinku. Yasar da dabba laifi ne, azabtar da ita da gangan kuma tun 1999 babban laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara biyu. Wasu jihohin sun shiga har batun ɗauri: Teksas ta hana ɗaure kare a waje da sarƙa tun Janairun 2022, Fensilbeniya kuma tun 2017 ta ce kada ɗauri ya wuce minti 30 in sanyi ya kai na ƙanƙara ko zafi ya yi tsanani.

Batun cizo shi ya fi damuna da ka ce karyar gadi ce. A gida mun saba cewa kare mai zafi shi ne kare, wanda ya shigo ya sha cizo shi ya jawo wa kansa. A nan ba haka ba ne. Kalifoniya tana ɗora wa mai kare alhakin cizo tun daga na farko, ko ya san halin karensa ko bai sani ba. Niyok ta daɗe tana neman wanda aka ciza ya nuna cewa mai karen ya san yana da mugun hali, amma a Afrilun 2025 babbar kotun jihar, a shari'ar wata mai raba wasiƙu da kare ya ciza a ƙofar gida, ta yanke cewa ana iya ƙarar mai kare a kan sakaci ma. Karya mai jego kuwa ta fi kowane lokaci zafi, kai kuma za ka riƙa shigo da baƙi da yaransu su ga 'ya'yanta. Ka kira kamfanin inshorar gidanka ka faɗa musu gaskiya. Dokar jihar ta 2021 ta hana su ƙin ba ka inshora saboda irin karen kawai, amma inshorar gida sau da yawa ba ta ɗaukar abin da ya faru a dalilin kasuwanci. Abu ɗaya da ke gefenka shi ne Niyok ba ta yarda gari ya haramta wani irin kare da sunansa ba. Wannan ma wata daɗaɗɗiyar rigima ce: birnin Denba na jihar Kolorado ya haramta irin karen da ake kira fitbul a 1989, sai a 2020 masu ƙuri'a suka sassauta.

Maganar kawowa daga Najeriya, ka ajiye ta. Wannan hurumin tarayya ne, kuma tun 1 ga Agustan 2024 hukumar CDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta ce duk karen da zai shigo Amurka sai ya kai wata shida, an dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, an cike masa fom kafin tafiya. Najeriya tana cikin ƙasashen da hukumar ke lissafawa masu haɗarin ciwon haukan kare, don haka wanda aka yi wa allura a can sai ya zo da takardar da likitan gwamnati ya amince da ita, ya sauka a filin jirgin da ke da wurin duba dabbobi mai rajista, kuma in babu sakamakon gwajin jini daga ɗakin gwajin da aka yarda da shi, a killace shi kwana 28 a kan kuɗinka. Na sayarwa kuma sai da izinin Ma'aikatar Noma a kai. Kare ɗan wata shida ya wuce shekarun da masu saye ke rububi, kuɗin jirgi da killacewa sun cinye ribar, sannan ba a gidanka aka haife shi ba, ka koma lissafin 9. Ciwon haukan kare kuma yana kashe mutane a ƙasashenmu har yau, tsananin nan yana da dalili.

In bayan duk wannan kana nan a kan niyyarka, kada ka haɗa ta sai ta cika shekara biyu, an ɗauki hoton ƙugunta da gwiwar hannunta, domin gocewar gaɓar ƙugu ta yi yawa a Jaman Shefad kuma ana gadonta. Ka nemi irin wannan takarda daga mai namijin. Cikin kare wata biyu ne, sai ka tanadi kuɗin tiyata ko da haihuwa za ta zo da gardama cikin dare, da kuɗin allura da maganin tsutsa na kowane kwikwiyo, da abincin wata biyu. Mutane da yawa in suka yi wannan lissafi sai su ga ribar ciki ɗaya ba ta kai abin da suka hango a bayan gilashin shago ba. Ka nemi masu ɗauka tun kafin ta ɗauki ciki, su zo gida su ga uwar da inda take kwana. Ka rubuta a yarjejeniya cewa duk wanda ya kasa riƙewa ya dawo maka da shi, kada ya kai gidan tsugunarwa, kuma ka tabbata kana da wurin ajiye biyu ko uku da ba a saya ba, domin da sun kai wata huɗu kowannensu sai ka yi masa lasisi da sunanka.